SHARHIN FIM: Mai ƙera jirgin wasa ne ya fid da su daga hamada

Fim: The Flight of the Phoenix
Shekara: 1965
Darakta: Robert Aldrich
Tsara labari: Lukas Heller, daga littafin Elleston Trevor
'Yan wasa: James Stewart, Richard Attenborough, Hardy Krüger, Peter Finch, Ernest Borgnine, Ian Bannen

Ba kasafai ake samun fim ɗin da ya haura awa biyu, babu soyayya, babu tseren motoci, kusan dukkansa a wuri ɗaya, amma ya hana mai kallo tashi ko shan ruwa ba. Wannan fim na Robert Aldrich yana cikin irinsu. Ya fito tun 1965, bai kawo kuɗi a sinima ba, aka sake yin sa a 2004, shi ma na biyun bai kawo ba. Duk da haka har gobe masu sha'awar jirage, musamman masu ƙera ƙananan jirage da ake tuƙawa da rimot, suna ɗaukar sa a matsayin fim ɗinsu. Dalilin haka shi ne abin da za mu duba a wannan wata, tare da tambayar da fim ɗin ya jefo wa kowa: wane ne gwani, kuma wa ke da ikon cewa sana'ar wani wasan yara ce?

Ga yadda labarin yake. Wani tsohon jirgin dakon kaya ya ɗauko ma'aikatan haƙar mai da sojojin Ingila biyu zai kai su Bengazi a Libiya. Guguwar rairayi ta kashe injinansa, matuƙin, Frank Towns (James Stewart), ya sauke shi da ƙyar a tsakiyar Sahara. Rediyo ba ta aiki, kuma sun kauce wa hanya da nisa, don haka ko an fito nema ba inda suke za a duba ba. Ruwan sha na 'yan kwanaki ne, abinci kuma dabino. Cikin fasinjojin akwai wani Bajamushe mai gilashi, Heinrich Dorfmann (Hardy Krüger), wanda ya ce shi mai zana jirage ne, kuma za a iya ƙera sabon jirgi daga tarkacen wannan. Jirgin nasu irin mai jela biyu ne, kowace jela da injinta a gaba. Shawararsa ita ce a ciro jela ɗaya mai lafiyayyen inji ta zama gangar jiki, a liƙa mata fukafukai biyu, mutane su kwanta a kan fukafukan a tashi.

Towns ya ce wannan hauka ce. Abokinsa Lew Moran (Richard Attenborough), mai kula da hanya wanda giya ta ci ƙarfinsa, shi ya lallashe shi, a kan ko ba komai aikin zai hana mutane zama suna jiran mutuwa. Aka fara aiki da dare saboda zafin rana. Sai da aka kusa gamawa, mutane sun mutu, leɓuna sun tsattsage, sannan Towns da Moran suka gano gaskiya: kamfanin da Dorfmann ke wa aiki ƙananan jirage yake ƙerawa, irin na masu sha'awa. Bai taɓa zana jirgin da ɗan'adam ya hau ba. Tirƙashi!

Wannan fitowa ita ce zuciyar fim ɗin, kuma a nan ne Aldrich ya nuna shi darakta ne. Bai sa kiɗa mai tayar da hankali ba, bai sa an yi dambe ba. Ya bar kyamara a kan fuskoki uku. Towns ya yi tsit kamar an zuba masa ruwan sanyi. Moran ya fashe da wata irin dariya wadda ta fi kuka ciwo. Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa, mamaki ma yake yi me ya dame su. Hujjarsa ita ce ƙa'idar tashi ɗaya ce ga babba da ƙarami, kuma ƙaramin ma ya fi buƙatar a daidaita shi sosai, domin babu matuƙi a ciki da zai gyara masa kuskure. Ya ji haushi ƙwarai da aka kira abin da yake ƙerawa kayan wasa. Krüger ya yi wannan wuri da wani irin sanyin girman kai, yadda za ka ji kamar ka kwaɗa masa mari, kuma a lokaci guda kana tsoron kada dai shi ke da gaskiya.

To, yana da gaskiyar? Tarihi ya tsaya masa a rabin maganar. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgi mai inji a 1903, sun faɗa da bakinsu cewa sha'awarsu ta faro ne daga wani ɗan helikwaftan wasa mai aiki da roba da mahaifinsu ya kawo musu a 1878. Hukumar NASA da kamfanin Boeing sun gwada sabon fasalin jirgi mai suna X-48B a 2007 ta hanyar ƙera ƙaraminsa, matuƙi yana ƙasa yana sarrafa shi. Sannan da Dorfmann zai ga inda sana'arsa ta kai a yau, da ya ƙara ɗaga hanci. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka yanzu jiragen jet na gaske suke tashi da su. Injin da za ka iya riƙewa a hannu ɗaya yana shan kananzir, yana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, yana ƙara irin ta jirgin yaƙi. Wani Bajamushe, Kurt Schreckling, yana cikin waɗanda suka nuna cewa mutum zai iya ƙera irin wannan inji a gida, daga baya kamfanoni irin su JetCat na Jamus suka mayar da shi kayan sayarwa. A 2017 wani Bajamushen kuma, Niels Herbrich, ya shiga kundin Guinness da jirginsa mai rimot da ya yi gudun kilomita 749 a awa ɗaya. Wato a daƙiƙa ɗaya ya shafe sama da mita 200, tsawon filin ƙwallo biyu kenan, kuma mai tuƙin yana tsaye a ƙasa da ido kawai yake bin sa. A Amurka ƙungiyar masu wannan sha'awa ba ta barin mambanta ya tashi da jet sai ya sami izini na musamman, ta kuma ƙayyade gudu kada ya wuce mil 200 a awa. Abin da ake wa irin wannan doka ai ya wuce wasan yara.

Amma akwai ɗaya rabin da Dorfmann bai faɗa ba, kuma duk wanda ya zauna ajin kimiyya ya san shi. Idan ka ninka tsawon jirgi sau 10 ba tare da canza fasali ko kayan ƙira ba, faɗin fuffukensa zai ninku sau 100, nauyinsa kuwa sau 1,000. Ma'ana kowane taki na fuffuken zai ɗauki kaya ninki goma. Shi ya sa ƙaramin jirgi zai faɗo a ɗauke shi a kakkaɓe, babba kuwa ya faɗo sai dai a tattara. Ƙa'idar iska ɗaya ce, amma ƙarfin ƙarfe da na ƙusa ba sa girma tare da jirgi.

Abin baƙin ciki, aikin fim ɗin da kansa ne ya tabbatar da haka. An ƙera jirgin gaske mai kama da na cikin labarin don a ɗauki hoton tashinsa. A ranar 8 ga Yuli, 1965, shahararren matuƙin kasada Paul Mantz yana tuƙa shi ƙasa-ƙasa a gaban kyamara a hamadar da ke kusa da Yuma, sai ƙasan jirgin ya bugi tudun rairayi, gangar jikin ta karye, Mantz ya mutu nan take, wanda ke tare da shi ya ji munanan raunuka. Da wani tsohon jirgin daban aka ƙarasa hotunan, kuma mai lura zai ga ba a nuna saukar jirgin a ƙarshe ba. An rufe fim ɗin da rubutun tunawa da Mantz. Duk wanda ya san wannan labari, kallon tashin jirgin nan ba zai zame masa abin tafi kawai ba.

Inda na fi yaba wa marubucin shi ne bai bai wa kowa nasara shi kaɗai ba. Injin ba ya tashi sai da wasu harsasai na musamman da ake fasawa su juya farfela, kuma guda 7 kacal suka rage. Na farko-farko suka tafi a banza. Sai Towns ya yanke shawarar ƙona ɗaya ba don tayar da inji ba, sai don ya wanke dattin da ya taru a ciki. Dorfmann yana ihu yana hana shi, domin a lissafinsa wannan ɓarna ce. Towns ya yi kunnen uwar shegu, ya fasa, na gaba kuwa inji ya kama. Lissafin Dorfmann ne ya ƙera jirgin, kunnen Towns da shekarunsa a sama ne suka tayar da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma fim ɗin ya faɗi haka ba tare da wani ya tsaya yana wa'azi ba.

Akwai kuma wata dabara da masu karatun littafi za su so. A littafin Trevor na 1964 mai zana jirgin Baturen Ingila ne mai suna Stringer. Fim ne ya mayar da shi Bajamushe. Shekara 20 kacal da gama Yaƙin Duniya na Biyu, a ce Ba'amurke da Turawan Ingila su koma karɓar umarni daga Bajamushe, ai ka ga an ƙara wa miya gishiri. Balle kuma James Stewart da gaske ya tuƙa jiragen yaƙi a kan Jamus, shi kuma Krüger an sa shi aikin soja yana yaro a ƙarshen yaƙin. Kallon da suke wa juna ba duka ne wasa ba.

Fim ɗin bai rasa kurakurai ba. Na farko, tsakiyarsa ta yi ja, musamman tafiyar Kyaftin Harris cikin hamada da dawowarsa, da an rage da ba a yi asarar komai ba. Na biyu, kuma wanda ya fi ci mini rai, shi ne yadda aka nuna mutanen hamada. Larabawa masu raƙuma sun yada zango kusa da su, mutum biyu suka je neman taimako, da safe aka tarar an yanka su. Ba mu ji ta bakinsu ba, ba mu san dalilinsu ba. Fim ɗin da ke koya mana kada mu raina ilimin wani, shi ne kuma ya ɗauki mutanen da suka fi kowa sanin hamadar ya mayar da su dodanni marasa fuska. Wannan tsohuwar cutar Hollywood ce. Na uku, mace ɗaya tak ta bayyana, ita ma mai rawa ce a cikin gizon da ƙishirwa ta sa wani soja yake gani, an cusa ta ne kawai. Ashe ba mu kaɗai ke cusa rawa inda ba ta da gurbi ba.

Shi kuwa sabon zubin na 2004, wanda John Moore ya ba da umarni, an mayar da labarin hamadar Gobi ta Mongoliya, ko da yake a Namibiya aka ɗauka. Dennis Quaid ne Towns, Giovanni Ribisi ne mai zana jirgin, an sa masa suna Elliott. Hoto ya fi kyau, faɗuwar jirgin ta fi ban tsoro, wannan ba a musu. Amma mutanen da aka ce ƙishirwa na kashe su sai ga su suna taka rawa da kiɗan OutKast. Mafi muni, da asirin Elliott ya tonu, sai aka kawo iska mai ƙarfi ta ɗaga jirgin sama kowa ya gani, shakku ya ƙare. A na 1965 babu wanda ya ba su tabbaci. Towns da Moran sun ɓoye wa sauran gaskiya, suka hau abin da su kansu ba su yarda da shi ba, kuma wannan nauyin ne ke riƙe mai kallo. Moore ya sauke nauyin, fim ya zama fanko.

Me ya shafe mu? A 2007 kafafen labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa helikwafta da injin mota da tarkacen ƙarafa. Wasu sun yaba, wasu sun yi dariya irin ta Moran. Ga labari a ƙofar gidanmu, mai ɗauke da buri da raini da haɗari, irin wanda Aldrich ya gina fim sukutum a kansa da tarkacen jirgi da tulin rairayi. Furodusoshinmu da ke kukan rashin kuɗi su duba da kyau: abin da ya riƙe fim ɗin nan rubutu ne da fuskokin 'yan wasa. An sa Ian Bannen da mai tace hoton, Michael Luciano, cikin 'yan takarar Oscar, kuma sun cancanta.

Shawarata ga mai karatu, nemi na 1965 ka kalla da natsuwa, in da hali ka haɗa da littafin. Na 2004 kuwa, in ka same shi a aro, to ba laifi.