Kasimu Yero, gwanin sa mutum ya ga abin da babu

Wanda ya yi wayo a shekarun 1980 a kudancin Kano, ko a Bebeji ne ko Kiru, ko can Tudun Wada da Doguwa, ya san yadda talabijin take a lokacin. Ɗaya ce a unguwa, mara kala, an ɗaure eriyarta a kan doguwar gora, yara sun cika tsakar gidan mai ita, hoton yana zuwa yana ɗaukewa. A cikin wannan ɗan gilashi mutane suka san Kasimu Yero, Bazazzagin da ya fito a Karambana da Magana Jari Ce a NTA Kaduna, ya kuma fito a matsayin Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn da NTA ta fara a Jos a 1980. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 3 ga Satumba 2017.

Mutane kan ce baiwa ce. Akwai baiwa, amma akwai horo, kuma 'yan wasan zamaninsa a dandamali suka same shi. A dandamali babu wanda zai ce a tsaya a sake. In ka manta maganarka, a nan za ka ɗinke ɓarakar ba tare da 'yan kallo sun farga ba. Murya kuwa daga ciki ake ɗauko ta, a cika ƙirji da iska a saki magana a hankali, domin wanda ke layin ƙarshe ya ji raɗa kamar a kunnensa aka yi. Mai yi da maƙogwaro kafin a kai rabin wasa ya dishe.

Da aka koma gaban kyamara sai lissafin ya juye. Kyamara tana matsowa har gaban hanci, saboda haka ɗaga hannun da ya dace da filin wasa a nan ya zama hauka. Nan da yawa suke faɗuwa, nan kuma Kasimu ya yi fice. Ku tuna Gaga, dattijon ƙauye mai baƙin rai da ya hana wani mai suna Bello sakat bayan shi Bellon ya baro birni ya dawo noma. Ba ihu yake yi ba kullum. Sai a gama yi masa bayani, ya yi shiru, ya kalli mai maganar ta wutsiyar ido, ya ɗan taɓe baki, sannan ya saki kalma. Kafin kalmar ta fito mai kallo ya riga ya san ba alheri ne ke tafe ba. Sanin tsawon wannan shirun shi ne sana'ar: in ya gajarta ba a ji komai ba, in ya zarce an gane wasa ne. Turanci yake yi a shirin, amma tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta san wane ne mugun.

Mafi wuya shi ne wasan abin al'ajabi. Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam na 1937, cike yake da aku mai ba da labari da aljanu da tsafi, ga shi a lokacin babu kwamfutar da za ta zana su. A irin wannan shiri ɗan wasa bango yake kallo, ko wani ma'aikaci da ke tsaye bayan kyamara, amma dole idonsa ya tsaya a wuri ɗaya, a tsayin da abin zai kai, numfashinsa ya sauya, ƙafarsa ta ja baya kafin bakinsa ya buɗe. In idon ya yi yawo ko kaɗan, aljanin ya ɓace. Shi ya sa ma a Amurka, da za a farfaɗo da Star Trek a 1987, aka ɗauko Patrick Stewart daga Ingila, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wasannin Shakespeare a dandamali, aka ba shi jirgin sararin samaniya na katako ya tuƙa, duniya kuma ta yarda. Mu ma muna da labarin sararin samaniya, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969. Da za a mai da shi fim, kafin a nemi na'ura sai an nemi irin Kasimu.

Tushen abin ba baƙo ba ne a garuruwanmu. Yaron da ya liƙa gemun auduga a watan azumi, ya ranƙwafa da sanda yana tashe har matan gida suka yi dariya suka ba shi hatsi, ya fara koyon darasin farko. Abin da ya rage masa shi ne wurin da zai ci gaba.

Kira na ga shugabannin makarantun sakandare na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa shi ne su farfaɗo da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo. Ita kuma NTA, duk abin da ya saura na kaset ɗin Kasimu Yero ta kwafe shi ta fitar wa matasa su gani. Allah ya jiƙansa da rahama.