Layin "Locale": abin da kwamfuta ke faɗa game da Hausar Nijar

Manhajojin da ake kira ta layin umarni domin su bayyana abin da ke cikin kwamfuta ba su cika jan hankalin masana harshe ba. Ana buga uname, sai na'ura ta faɗi sunan tsarinta. Ana buga free, sai ta nuna abin da ya rage a ƙwaƙwalwarta. Neofetch, wanda aka daina kula da shi a 2024, da magajinsa fastfetch, suna tattara bayanan nan a allo guda. Game da ƙarfe ba mu da ƙorafi. Layin da suke kira Locale, wato harshe da ƙasar mai aiki, shi ne matsalarmu.

Mu ɗauki malamin makaranta a Dantchiao, cikin gundumar Magarya, mai kwamfuta da Linux. In yana son Hausa, laburaren glibc zaɓi ɗaya yake ba shi: ha_NG, Hausar Najeriya. Babu ha_NE. Da ya zaɓa, kuɗinsa ya koma naira, lambar wayar ƙasarsa 234 maimakon 227. Ana iya cewa naira na yawo a kasuwannin bakin iyaka, amma albashinsa da sefa ake biya. In ya ƙi, sai ya koma fr_FR, ya zama mazaunin Faransa.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce Hausa ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Wannan gaskiya ne a nahawu, ba a ƙa'idar rubutu ba: dokar 1999 ta Nijar ta tsayar da harafin ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Kundin CLDR na Unicode ya san wannan bambanci, yana da ha_NE nasa. Layin umarni kuwa ba daga can yake ɗiba ba. Ko agogo bai tsira ba: a rumbun lokutan duniya Africa/Niamey laƙabi ne kawai na Africa/Lagos, ko da yake nan ba asara, sa'ar ɗaya ce.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Fayil ɗin ha_NE ƴan shafuka ne: sunayen ranaku da watanni, alamar kuɗi, jerin haruffa. Wurin ƴ a jerin da sunayen watanni, masana harshe ne za su yanke su, kuma ɗalibin da ke neman batun maîtrise zai iya somawa daga nan.