Darasin Dandaji: Kafin a Rushe Tsohon Ɗakin Karatu

Duk sa'ad da ɗakin karatun jama'a ya tsufa, shawara guda ce ake kawowa: a rushe, a tayar da na siminti da kwano. To amma sabunta ba ita ce inganci ba. Ma'aunin ɗakin karatu a ƙasarmu shi ne ko ɗalibi zai iya zama cikinsa da azahar a watan Afrilu.

Garin Dandaji, cikin jihar Tawa, ya ba da wata amsa. Tsohon masallacin Juma'arsa aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Da ginin ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da tubalin ƙasa matsattse, suka gyara tsohon, suka mai da shi ɗakin karatu. An kammala aikin a 2018.

Hikimar a fili take: katangar ƙasa mai kauri tana tare zafi ba da lantarki ba, kuma wurin da mutane suka saba girmamawa bai zame musu baƙo ba.

Sai dai gini rabin aiki ne. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su tambayi kowane magajin gari tun kafin a aza tubali: nawa aka ware domin littattafai, har da na Hausa, kuma wa zai biya mai kula da su?