Gwanayen manifol a hanyar Sabon Birni zuwa Isa

Motar da ke kwaso gero da wake daga ƙauyukan Burkusuma zuwa Sabon Birni, ta zarce Isa ko ta juya Goronyo, ba ta san hutu ba. Ga rami, ga rairayi, ga lodin da ya wuce ƙima, ga zafin bazara. A cikin injinta akwai ƙarfe guda da ya fi saura ɗanɗana kuɗarsa, fasinja kuwa ba ya ganinsa sai an ɗaga bonet. Shi ne manifol, ƙarfen nan mai rassa da ke manne a gefen kan injin, wanda ke karɓar hayaƙin kowace silinda ya haɗa ya miƙa wa salansa.

Aikinsa ba ƙarami ba ne. Injin mai silinda huɗu, irin na Golf ko na tsohuwar Peugeot 504 da kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kaduna a shekarun baya, idan yana juyi 3,000 a minti ɗaya, to sau 100 yake fesa hayaƙi cikin manifol a kowace daƙiƙa. In direba ya taka wuta da lodi, zafin hayaƙin yakan haura digiri 700 a ma'aunin Salshiyas. Ƙarfen ya buɗe don zafi, a kashe mota ya huce ya takure, gobe a sake. Shekara da shekaru a haka, sai ya tsage ko bakinsa ya karkace.

Ƙwararren bakanike da kunne yake fara aiki. Yana son a kawo masa motar da sanyin safiya, ko a bar ta ta huce sarai, domin tsagar manifol tana da wata ɗabi'a: da an tayar da injin mai sanyi za a ji "tas-tas-tas" a gefe ɗaya, yana bin juyin injin, bayan 'yan mintoci ƙarfen ya ɗauki zafi ya buɗe, tsagar ta matse, ƙarar ta ragu ko ta ɓace. Wanda bai ƙware ba sai ya ɗora laifin a kan bawul, ya kwance kan injin a banza. Gwani zai ce wa yaronsa, "Kai, toshe bakin salansa da tsumma." Hayaƙin da ya rasa hanya sai ya nemi tsagar, shi kuma ya bi da bayan hannunsa kusa da ƙarfen ba tare da ya taɓa ba, har ya ji inda iska ke hurowa. Galibi akwai baƙin zane na kunkunniya a wurin. Direba ya tambaya, "Oga, mi kag gani?" Ba zai ba shi amsa ba sai ya kwanta ƙarƙashin motar ya duba robobin da ke rataye da salansa da kuma kujerun injin. Idan sun tsinke, nauyin salansa gaba ɗaya a kan manifol yake lilo a kowane rami, kuma ko sabo aka saka zai sake tsagewa.

Daga nan ake shiga shawara, kuma a nan ne nake jin daɗin sauraron waɗannan mutane. In sauya shi za a yi, zaɓi uku ne a gaban mai mota. Ko a nemo na asali na gwanjo, wanda ake kira ɗan Beljiyam, daga Sakkwato ko Maradi ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ko a sayi sabon kwaikwayo mai araha, wanda sau da yawa raminsa ba ya zama daidai da ramin injin. Ko kuma mai walda ya haɗa wani da bututun ƙarfe.

Na asali a yawancin waɗannan motoci ƙarfen zubi ne, mai kauri da nauyi, rassansa gajeru, suna haɗuwa nan da nan. Na bututu kuwa kowace silinda tana da doguwar hanyarta kafin a haɗu. Wannan muhawara ba ta garejinmu kaɗai ba ce. A Ingila akwai masu sayen mota a wargaje su haɗa ta da hannunsu a gida, al'adar da ta yi ƙarfi tun fitowar Lotus Seven a 1957, wadda kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. Da yawansu cire manifol na zubi suke yi su saka na bututu, kuma suna da hujja. Kowace fesar hayaƙi idan ta ruga cikin bututu tana barin wani gurbi mai ƙarancin matsi a bayanta. In an auna tsawon bututun daidai, wannan gurbin zai iso bakin silinda a lokacin da bawul ɗin hayaƙi ke buɗe, ya zuƙo ragowar hayaƙin, silindar ta sami wurin shaƙar sabon mai da iska. Injin ya yi numfashi sosai, ƙarfi ya ƙaru.

Sai dai su a kan kwalta mai santsi suke gudu, da mota marar nauyi, mutum ɗaya ko biyu a ciki, injin yana juyi can sama. Yawancin ribar bututun a can saman take. Direban da ke jan buhu goma sha a giya ta biyu cikin rairayin fadamar Rima ba ya zuwa inda ribar take, amma duk illar tana jiransa. Bututu siriri ne, yana watsa zafi cikin ɗakin injin, ya gasa wayoyi da tiyo, ya ɗumama man da ke zuwa kafireta. Yana da ƙara. Kuma kowane gurbin walda wuri ne da jijjigar hanya za ta iya ɓallewa. A yankin da kowa ya san halin da hanyoyinsa ke ciki na 'yan bindiga, mota ta tsaya tsakanin gari da gari ba abin wasa ba ne. Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa zai ce maka, "Alhaji, bar na asalin nan, mu gyara shi." A ganina gaskiya ya faɗa, ko da yake kuɗin aikin haɗa sabo ya fi masa tsoka.

Gyaran kuwa shi ne ainihin gwanintar, domin ƙarfen zubi ba ya son walda. Sinadarin gawayi ya yi masa yawa, kashi 2 zuwa 4 cikin 100, shi ya sa yake da tauri amma ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe. In aka ɗora masa wutar walda yana sanyi, wurin ya yi zafi shi kaɗai, yana hucewa za a ji "ƙas", sabuwar tsaga ta fito a gefen ɗinkin. Mai waldan da ya sani yakan fara da huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Ya goge bakinta ya yi mata kwari. Sai ya kwantar da manifol ɗin dukansa a kan garwashi, irin yadda maƙeran gargajiya ke yi, har zafi ya ratsa ko'ina. Sannan ya ɗauko sandar walda mai nikel, wadda ta fi ta kullum tsada nesa ba kusa ba, ya ɗinke kaɗan, bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, ya ajiye, ya bi ɗinkin da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali tun yana da zafi don ya saki jiki, ya koma wani gefen ya sake. In ya gama, ba ruwa, ba iska. Binne shi yake yi cikin toka mai zafi ko busasshen yashi ya kwana. Direba mai gaggawa yakan yi ta mita, shi kuwa ko a jikinsa.

Washegari sauran bakin da ke manne da injin. Zai shimfiɗa sanfefa a kan gilashi mai kauri, ya riƙa goga bakin manifol a kai. Inda ya yi haske ya taɓa, inda ya rage baƙi akwai kwari, kuma sai duk ya yi haske zai tsaya. Ya saka sabon gaskit, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, kada ƙarfen ya sake murɗewa. Wannan ƙaramin aiki yana da alaƙa da aljihu. A motocin da ke da na'urar auna iskar hayaƙi, yoyon da ke gabanta yana shigar da iskar waje, kwamfutar motar ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara zuba shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu direban da ke raina wannan. Yana kuma da alaƙa da rai, don hayaƙin da ke tsiyaya a gaban mota yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, ta shiga cikin mota ta sa direba ciwon kai da gyangyaɗi.

Akwai ranar da na asalin ya farfashe, na gwanjo bai samu ba, dole a haɗa na bututu. Silindu huɗu ba a jere suke tashi ba, tsarinsu a yawancin injuna 1, 3, 4, 2 ne. Gwani yakan haɗa ta 1 da ta 4 a reshe ɗaya, ta 2 da ta 3 a ɗayan, sannan rassan biyu su haɗu can ƙasa. Ta haka fesa biyu ba sa cin karo a mahaɗa, kuma wannan tsari ya fi ba da ƙarfi a matsakaicin juyi, inda motar lodi ke rayuwarta, fiye da a haɗe huɗun wuri guda. Yakan lanƙwasa waya ya gwada hanyar kowane bututu, ya miƙe ta ya auna, don abokan haɗin su zo kusan tsawo ɗaya. Ya cika bututun da busasshen yashi kafin ya gasa ya lanƙwasa shi, kada ya tsuke a kwana. Ya zaɓi farantin ƙarfe mai kauri don bakin, ya kuma ƙara ɗan madogari da zai riƙe bututun a jikin injin, saboda ramukan hanyar Isa.