Tsohon Labari Cikin Sabuwar Riga

Ran 1 ga watan Janairu, 2020, gidan talabijin na BBC a Ingila ya fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna Dirakula. An raba shi kashi uku, aka nuna su dare uku a jere, kowane kashi kamar sa'a ɗaya da rabi. Ran 4 ga wata kuma kamfanin Netflix ya watsa shi zuwa sauran ƙasashen duniya. A daren farko kimanin mutum miliyan 3.6 suka zauna kallonsa a Ingila, amma a dare na uku ba su kai miliyan 3 ba. Kashi na farko da na biyu sun sha yabo a jaridu da bakin jama'a. Da aka nuna na uku kuwa sai magana ta juya, mutane da yawa suka ce an ɓata musu dare. To, ya kamata a duba a ga ko masu kallon nan suna da gaskiya, in kuwa suna da ita, a ga inda take.

Asalin labarin littafi ne wanda Bram Stoker, mutumin Ailan, ya wallafa cikin 1897. Dirakula wani basarake ne na ƙasar Taransilbaniya, wadda yanzu take cikin Romaniya. Ya mutu tun da daɗewa amma bai kwanta ba, yana tashi daga akwatin gawarsa ya sha jinin masu rai don ya ƙara kwana. Wanda ya sha wa jini kuwa, in ya mutu, shi ma irinsa yake zama. Ba ya fitowa a madubi, yana gudun tafarnuwa da gicciye, ba ya kuma iya shiga gida sai wani na ciki ya ce masa ya shigo. Wani saurayin lauya, Jonathan Harker, shi ya tafi har fadarsa don ya sayar masa da gida a Landan. Daga nan Dirakula ya shiga jirgin ruwa da akwati 50 na ƙasar garinsu, ya sauka a Whitby, wani garin bakin teku a Ingila. Ya halaka wata budurwa mai suna Lucy, ya kusa halaka Mina matar Harker, har wani shaihun likita na Holan, Van Helsing, ya haɗa kan samari suka kore shi zuwa ƙasarsa suka kashe shi.

Hikimar Stoker ita ce bai bar Dirakula ya ba da labarin kansa ba. Littafin duk wasiƙu ne, da abin da mutane suka rubuta cikin littattafansu na tuna baya, da guntayen jaridu. Bayan surorin farko ma ba a cika ganin Dirakula ba, sai dai a ga ɓarnar da ya bari. Abin da ido bai gani ba shi zuciya ta fi tsoro, shi ya sa littafin ya wuce shekara 120 ana karanta shi.

Mutum biyu suka tsara wasan na 2020, Mark Gatiss da Steven Moffat. Su ne suka ɗauki labarin ɗan sandan ciki Sherlock Holmes cikin 2010, suka dawo da shi Landan ta zamani, aka yi ta yaba musu. Wani ɗan wasa na Denmak, Claes Bang, shi ya fito a Dirakula. Babban canjin da suka yi tun a kashi na farko shi ne sun mai da Van Helsing mace. A littafi akwai wata sista mai jiyya, Agatha, wadda ta kula da Harker a birnin Budafes, amma kaɗan aka ambace ta. Sai suka haɗa ta da likitan nan suka zama mutum ɗaya, watau Agatha Van Helsing, Dolly Wells ta fito a matsayinta. Mace ce mai kaifin baki da kaifin hankali, ba ta karɓar magana sai ta gwada ta. A ƙofar gidan ibadarsu ta tsaya gaba da gaba da Dirakula tana yi masa ba'a, don ta tabbata ba zai iya tsallako ƙofa ba sai da gayyata. Wannan wuri yana cikin waɗanda masu kallo suka fi yabawa.

Kashi na biyu duk cikin jirgin ruwa aka yi shi. A littafi labarin jirgin nan 'yan shafuka ne kawai, abin da kyaftin ya rubuta game da ma'aikatansa da ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Masu wasa suka faɗaɗa shi, suka ƙara fasinjoji, suka sa Dirakula yana cin abinci tare da su yana zaɓen wanda zai kama. Ga teku ko'ina, ga hazo, ba wurin gudu. A ƙarshe jirgi ya nitse, Dirakula ya taka ƙasan teku ya fito gaɓar Whitby, sai ya ga fitilu da jirgin sama mai saukar ungulu da mutane riƙe da bindigogi. Ashe ya yi shekara 123 a ƙarƙashin ruwa, ya farka cikin 2020.

Daga nan ne masu kallo suka rabu. Kashi na uku ya nuna Dirakula a kulle cikin ɗakin gilashi ana binciken jininsa, ya sami hanyar shiga intanet, ya kira lauyansa ya fitar da shi, ya kama gida a Landan, yana aika wa Lucy saƙo ta wayar hannu. Ƙorafin da aka yi iri uku ne, ba kuwa nauyinsu ɗaya ba.

Na farko su ne masu cewa an kauce wa littafi. Waɗannan hujjarsu ba ta da ƙarfi, gama tun da aka fara kwaikwayon Dirakula ba wanda bai canja shi ba. Cikin 1922 Jamusawa suka yi majigin Nosferatu, suka sake sunaye ba tare da izini ba, har matar Stoker ta kai su kotu aka ce a lalatar da fim ɗin, Allah ya sa wasu kofe suka tsira. A can ne aka fara nuna hasken rana yana kashe mai shan jini. A littafin Stoker kuwa Dirakula yana yawo cikin Landan da rana tsaka, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Yawancin abin da mutane ke ɗauka asali ne, daga majigin Bela Lugosi na 1931 da na Christopher Lee na 1958 suka samo shi. Ko a ƙasar Hausa an san wannan aiki, domin Abubakar Imam ya ɗebo labarun Larabawa da na Turawa ya sa musu rigar Hausa cikin Magana Jari Ce. Ban da haka, masu wannan ƙorafi sun yi shiru sa'ad da aka mai da Van Helsing mace, sun yi shiru da aka cika jirgi da fasinjojin da Stoker bai sani ba. Da canji ne ke damunsu, da tun daren farko suka tashi.

Na biyu su ne masu cewa zamanin yanzu bai dace da Dirakula ba. Waɗannan sun kusa gaskiya, amma ba su kai gare ta ba. Shi kansa Stoker zamaninsa ya rubuta. Mutanen littafinsa suna buga waya, suna aiki da tafireta, suna ɗaukar murya a na'ura, suna ƙarin jini, suna duba lokacin jirgin ƙasa. Duk abubuwan zamani ne a 1897, kuma abin tsoron shi ne tsohon sharri ya shigo birnin da ke taƙama da ilmi. Saboda haka kawo shi 2020 ba laifi ba ne. Laifin yana ga abin da aka yi da shi bayan an kawo shi. A fada da cikin jirgi mutane a tsare suke, shi ke da ikon ƙofa. A Ingila ta zamani kuwa aka haska masa fitila ta kowane gefe, aka mai da shi mai barkwanci, yana mamakin firiji da talabijin. Dodo in ya fito fili yana raha da yara, ai ya zama abokin wasa, ba mai sake gudunsa.

Na uku su ne masu cewa ƙarshen labarin bai gamsar ba, nan ne kuwa gaskiya ta fi yawa. Agatha, wadda masu kallo suka shaƙu da ita dare biyu, ta mutu tare da jirgi. Aka kawo jikanyar danginta, likita Zoe, ita ma Dolly Wells ce ta fito, amma mace ce mai sanyi, tana fama da ciwon daji. Aka kawo Lucy da samarinta, mutanen da a littafi aka ɗauki surori ana sanin halinsu, aka cusa su duka cikin sa'a ɗaya. An nuna Lucy yarinya ce mai son biki da kallon fuskarta, ta mutu, aka ƙone gawarta, ta tashi da ƙonannen jiki. Mutane da yawa sun ga an yi mata azaba fiye da laifinta, ba a kuma ba su lokacin da za su so ta ba, balle su yi kukan rashinta.

Sa'an nan ga yadda aka rufe. Tun kashi na farko Agatha take tambaya, me ya sa Dirakula ke tsoron gicciye? A ƙarshe Zoe, wadda ta sha jininsa har tunanin Agatha ya shiga jikinta, ta fizge labule rana ta haske shi, bai ƙone ba. Ta gaya masa duk dokokin nan nasa al'ada ce da ya ɗora wa kansa don kunya. Shi jarumin yaƙi ne mai tsoron mutuwa, gicciye kuwa yana tuna masa da wanda ya yarda ya mutu. Da jin haka sai ya sha jininta, alhali ya san jinin mai ciwon nan guba ne gare shi, suka mutu tare.

Masu kāre wasan sun ce wannan tunani ne mai zurfi, kuma haka ne. Azzalumi mai cin rayukan mutane don kada ya rasa nasa, a ce matsoraci ne, magana ce da ta isa a gina labari a kanta. Amma da baki aka faɗe ta cikin 'yan mintoci, ba a nuna ta cikin aikinsa ba. Wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana kisa, ya karkashe sistoci cikin gidan ibadarsu yana dariya, ba ya sake hali don wa'azi guda. A littafi sai da aka bi shi ta ruwa da tudu, har ɗaya daga cikin samarin, Quincey Morris, ya rasa ransa kafin a ci nasara. A wasan kuwa Dirakula ne ya zaɓi lokacin mutuwarsa da kansa, cikin jin daɗi, waɗanda ya kashe ba wanda ya bi musu hakki. Wannan shi ne ya tsaya wa masu kallo a maƙogwaro, ko da wasunsu suka kira shi da wani suna.

Duk da haka wasan ba abin yarwa ba ne. Claes Bang ya iya haɗa fara'a da mugunta a fuska ɗaya, Agatha kuwa tana cikin mafi kyaun abin da aka ƙara wa labarin nan tun da aka fara kwaikwayonsa. An ma ɗauki fadar Dirakula a ganuwar Orava ta Sulobakiya, inda aka ɗauki majigin 1922, alamar masu wasan sun san tarihin abin da suka taɓa. Wanda ya kalli kashi biyu na farko bai yi asarar darensa ba.

Mai karatu da zai auna irin wannan wasa, kada ya tsaya ƙidaya wuraren da aka saɓa wa littafi. Ya nemi abin da ya raya tsohon labarin, ya duba ko yana nan cikin sabon. Ran labarin Dirakula shi ne tsoron abin da ke ɓoye, da tsadar da mutanen kirki ke biya kafin su kawar da shi. Kashi na farko da na biyu sun sake kusan kome, amma sun riƙe wannan, jama'a suka yaba. Na uku ya sake shi, jama'a suka watse. Mai gyaran tsohon gida yana iya sake ƙofa da taga da shafe yadda ya ga dama, amma in ya cire ginshiƙi, rufi a kansa zai faɗo.