Dokar OHADA da shagon da ke hannun yaya

'Yan uwa, ga wani labari da na san ba ni kaɗai na taɓa jin irinsa ba. Wasu samari uku a Magarya sun haɗa jari suka buɗe ƙaramin kamfani, irin wanda ake kira SARL, suna sayen ridi suna kaiwa Kano. Babbansu suka ba shugabanci, tunda yaya ne. Shagon da kamfanin ya kama haya kuwa nasa ne. Da kasuwa ta buɗe sai ya ƙara kuɗin haya, shi ya nema, shi kuma ya amince. Da ƙannen suka yi magana, sai ya ce to a fitar masa da kaya.

Doka ba ta yi shiru a nan ba. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993. Dokarta ta kamfanoni, wadda aka sabunta a 2014, ta ce cinikin da shugaba ya ƙulla tsakaninsa da kamfanin, in ba na yau da kullum ba ne, sai an kawo shi gaban masu hannun jari, kuma shi ba ya da ƙuri'a a kai. Ta hana shi cin bashin kamfani. In ya juya dukiyar kamfani don amfanin kansa da gangan, aya ta 891 ta mai da abin laifi. Wato amana ce aka rubuta da Faransanci.

Wajen haya ma, dokar kasuwanci ta 2010 ta yi abin a yaba. Ta yarda da haya ko ba a rubuce take ba. Wanda ya shekara biyu yana sana'arsa a shago yana da haƙƙin a sabunta masa, in mai shago ya ƙi ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sai ya biya diyya. Ko bashin haya ake bin ka, sai an kawo maka takardar gargaɗi an jira wata ɗaya kafin a je kotu.

To ina matsalar? Abin da ta ba ka da dama, wa'adi na ƙwacewa da hagu. In hayarka mai wa'adi ce, dole ka nemi sabuntawa wata uku kafin ta ƙare, ta hanyar da za ta bar shaida. Ka wuce lokacin, haƙƙin ya faɗi. Don Allah, mai shago nawa a Dungas ko Bande ya taɓa jin wannan? Mu nan "ai mun yi magana bayan La'asar" ita ce takarda. Mai shagon da ya san lauya shi zai yi shiru, ya ƙirga kwanaki.

Ga kuma nisa. Kotun ƙoli ta wannan doka tana Abijan. Wanda jarinsa bai wuce buhu talatin ba, ko zuwa Damagaram sai ya yi lissafi.

Amma kar mu ɗora wa doka duka laifin. Ƙannen nan sun yi boko, ɗaya ma ya taka jami'a. Kunya ce ta hana su cewa a rubuta, wai kar yaya ya ce ba su yarda da shi ba. Tun 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa. Ayoyin haya 34 ne kacal, daga ta 101 zuwa ta 134. Mu da ke buga wannan ɗan littafi, me ya hana mu fassara su a fitowa ta gaba?