Mai Jan Baƙo: Yadda Ɗan Maamobi Ke Ɗinka Wuni Guda a Birnin Akra

A kusan kowane layi na Maamobi da Nima akwai mutum guda da ake aika yaro ya kira idan baƙo ya sauka. Ba shi da ofis, ba shi da allo a ƙofar gida, wani lokacin ma tela ne ko mai sayar da katin waya. Amma idan ɗan kasuwa ya zo daga Kano ko Maraɗi, ko surukai sun zo biki daga Kumasi, aka ce suna son su ga gari kafin su koma, shi ake damƙa wa su. Aikinsa a baki ba wuya, wai ya zaga da mutane. A aikace kuwa sana'a ce mai kayan aiki da ƙa'idoji da lissafi, kuma wanda ya bi shi sau ɗaya zai yarda cewa da ɗan gari akan ci gari.

Sana'ar ta girmi motoci. Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja da Salaga sayen goro, kowane zango yana da maigida, wato mai masaukin da ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Nima kanta a kan wannan ɗabi'a ta tashi, lokacin da Malam Amadu Futa ya samu fili daga iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga a farkon shekarun 1930, baƙi suka yi ta sauka wurinsa har unguwa ta bunƙasa ta haɗe da Maamobi. Mai jan baƙo na yau magajin wancan maigida ne. Bambancin kawai, a da goro ake zuwa nema, yanzu har da kallo.

Aiki na farawa tun daren da baƙo ya iso. Bayan sallar isha'i zai zauna da shi ya yi ta tambaya kamar mai hira kawai: me ya kawo shi, kwana nawa zai yi, yana iya doguwar tafiya da ƙafa, akwai abincin da likita ya hana shi? Cikin hirar yana auna abu uku da ba a tambaya kai tsaye: ƙarfin jikin baƙo, ƙarfin aljihunsa, da abin da zai so ya je gida ya ba da labari. Sai ya duba takardu. Ɗan ƙasashen ECOWAS ba ya buƙatar biza, amma fasfo ko katin tafiya da katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa su kasance a wuri mai tsaro, a ɗauki hotonsu a waya. Daga nan sai ya ce, "Alhaji, a mayar da agogo baya da awa ɗaya." Gana tana bayan Najeriya da Nijar da awa guda, kuma wannan ƙaramin abu ya isa ya ɓata alƙawari ko ya sa mutum ya tashi sallah gari bai waye ba.

Kayan aikinsa ba su cika ƙaramar jaka ba. Akwai waya mai asusun MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta layin waya, wanda har mai sayar da kwakwa a bakin titi ke karɓa. Akwai batirin ajiya na caji, da laima, da hankici. Sai kuɗi, kuma a nan gwanintar take. Zai kai baƙo wurin canji mai lasisi, a juya naira ko sefa zuwa sidi, sa'an nan ya raba kuɗin gida biyu: manyan takardu a aljihun ciki, ƙanana da silalla a aljihun gaba don mota da ruwan leda. Ba a fito da damin kuɗi a tasha. Yana kuma gargaɗin baƙo kan wani tarko na lissafi. A shekarar 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma har yau wasu tsofaffi na faɗin farashi da tsohon ƙirge. Idan wata gyatuma ta ce kayanta dubu hamsin ne, sidi biyar take nufi.

Da asuba, bayan an fito masallaci, ba a barin baƙo ya fita da wofin ciki, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Zai zaunar da shi wurin mai koko da ƙosai, koko na gero mai citta da kanumfari, ko kuma wurin mai waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba a faffaɗan ganye da taliya da ƙwai da shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da busasshen kifi. Gwani ba ya zaɓar tebur don kyan kwano, layin da matan unguwa suka yi yake bi. Kuma yana cewa a rage shito a ranar farko, don cikin baƙo bai saba ba.

Sai maganar lokaci. Akra da safe tana kwarara ne zuwa tsakiyar gari da ma'aikatu, da yamma kuma ta juyo waje zuwa Madina da Kasoa da Tema. Wanda ya fita ƙarfe bakwai da rabi zai ƙone safiyarsa a cunkoso. Don haka ko dai a fita da sanyin safiya, ko a dakata sai tara ta gota, a kuma baro tsakiyar gari kafin ma'aikata su tashi. Taswirar da ke kansa mai sauƙi ce, yana kuma koya wa baƙo ita tun a bakin titi: teku na kudu, filin jirgi na gabas da unguwa, titin Ring Road ya yi wa tsohon gari ɗamara, Nima da Maamobi suna arewa da shi. Duk inda ka ɓata, ka ba teku baya.

Motar talaka a Akra ita ce trotro, ƙaramar bas mai direba da yaron mota da ake kira met. Ba ta da lamba, ba ta da jadawali, sai kira da ishara. Met yana leƙo da rabin jikinsa ta taga, yana haɗiye rabin sunan wuri don sauri, hannunsa kuma na faɗin sauran. Idan yana juya hannu yana zana da'ira a iska, motar Circle za ta, babbar mahaɗar nan mai sunan Kwame Nkrumah. Mai jan baƙo yana karanta hannun tun motar na nesa, ya ɗaga nasa ko ya girgiza kai. A ciki, ka kalli hannun hagun met: ya ninke takardun kuɗi a tsaye, ya soke su tsakanin yatsu, kowace daraja da nata gurbi, silalla a tafi. Yana karɓar kuɗi layi-layi daga gaba zuwa baya, ya riƙe canjin mutum biyar a ka, ya mayar wa kowa nasa kafin ya sauka. Jagora yana zaunar da baƙo kusa da taga, ya biya wa duka biyun, ya sanar da met wurin sauka tun da sauran tazara. Idan baƙon dattijo ne ko mai ɗauke da kaya, sai a ɗauki tasi mai rawayen kafaɗu a yi shata, amma sai an gama ciniki kafin a buɗe ƙofa, ko a kira Bolt ko Uber ta waya.

Zangon farko kasuwar Makola ce, tun rana ba ta yi zafi ba. A nan jagora ba ya tafiya gefe da gefe da baƙo. Yana gaba da taku ɗaya, baƙo na bin kafaɗarsa, jaka a gaba ba a baya ba. Idan aka ji "Agoo!" daga baya, neman hanya ake yi, yawanci kayayei ce, ɗaya daga cikin 'yan matan arewacin Gana da ke dako da babban kwano a ka, sai a raɓe nan take. Yana tuna wa baƙo abin da ya sani tun gida: ba a miƙa kuɗi ko nuna mutum da hagu, kuma gaisuwa na gaban tambaya. Ba a ɗaukar hoton mai sayarwa sai da izininta. A wurin ciniki shi ne ke magana, yana sauya harshe kamar mai sauya giya: Hausa da 'yan zango, Twi da matan atamfa, Ga da masu kifi, Turanci da ma'aikaci. Ya koya wa baƙo kalma ɗaya ta godiya, "medaase", wadda sau da yawa takan jawo gyara.

Daga Makola ana iya takawa zuwa dandalin tunawa da Kwame Nkrumah, inda kabarinsa da na matarsa Fathia suke. A wannan fili, tsohon filin folo na Turawa, ya shelanta 'yancin Gana ranar 6 ga Maris, 1957. An buɗe wurin a 1992, aka sake gyara shi a 2023. Gwani ba ya zuba wa baƙo dukan tarihi a bakin ƙofa. Yana bari ya gaji da kallo, ya zauna a inuwa, sa'an nan ya ba shi labarin juyin mulkin 1966 da zaman Nkrumah a Gini. Gaba kaɗan ta gabas akwai dandalin Black Star da ƙofarsa mai baƙin tauraro a kai, can kuma gidan sarauta na Osu, wanda mutanen Denmak suka gina, ya daɗe yana fadar gwamnati. Kusa da dandalin Nkrumah akwai kasuwar sassaƙa da kente da ganguna, inda farashin farko ba na saye ba ne, na buɗe magana ne.

Ta yamma kuwa Jamestown ce, tsohuwar unguwar masunta, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, da ganuwoyin James Fort da Ussher Fort, waɗanda Ingilawa da mutanen Holan suka gina a ƙarni na 17, aka tsare bayi a ciki, daga baya suka zama kurkuku. A nan ilimin ranaku ke aiki. Masuntan Ga ba sa shiga teku ranar Talata, don haka mai son ganin an jawo taru kada a kawo shi ranar. A bayan unguwar akwai Bukom, mahaifar 'yan dambe, inda sunan Azumah Nelson ke bakin kowane yaro. Idan baƙo ya ga ruwa ya yi sha'awar shiga, jagora zai riƙe hannunsa, don igiyar tekun nan tana ja ta ƙasa.

Duk wannan zagaye an ɗinka shi ne a kan lokutan sallah. Kafin azahar ya riga ya karkato da tafiya zuwa Tudu ko Zongo Lane ko Cowlane, tsofaffin mazaunan Hausawa a tsakiyar gari, inda masallaci da buta da tuwo mai zafi ba sa wuya. La'asar kuma yakan so a yi ta a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, maƙwabciyar Nima, wanda aka gina da tallafin Turkiyya bisa fasalin masallatan Istanbul, aka buɗe a Yulin 2021, yana ɗaukar mutum 15,000. A hanya, in an bi ta kusa da fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House, zai ce a mayar da waya aljihu. In kuma almuru ta riske su wajen asibitin soja na 37, zai nuna masa dubban jemagu suna tashi daga bishiyoyi.

Yana riƙe da kalandar shekara ma. Daga Afrilu zuwa Yuli damina ce, kuma ɗan Maamobi da ya tashi a bakin babban kwalbatin unguwa ya san yadda ruwa ke cika cikin minti kaɗan. Ambaliya da gobarar gidan mai da suka kashe mutum kusan 150 a Circle ranar 3 ga Yuni, 2015 ba su fita daga ran kowa ba, shi ya sa idan hadari ya haɗu ba ya bi da baƙo ta kwari. Ya san cewa wajen Mayu da Yuni sarakunan Ga kan hana kiɗa da ƙara na wata guda kafin bikin Homowo. Ya san Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima, ranar da hatsi da kayan yaji da man kaɗe ke cika titi. Ya san ɗan Nijar mai neman 'yan uwansa masu albasa, Adjen Kotoku za a kai shi, tunda an tashe su daga Agbogbloshie a 2021.

Akwai matasan da aka haifa a layi ɗaya da shi, suna wuni a majalisa ana dafa shayi, suna iya lissafa 'yan wasan Ingila har da na benci, amma ba su taɓa taka ƙafa Jamestown ba. Shi ma da su ya taso. Abin da ya raba su shi ne ya bi bayan wani dattijo yana riƙe jakar baƙi, ya ɓata ya yi tambaya, ya haddace kuɗin mota duk lokacin da aka ƙara, ya je ya duba hanya kwana ɗaya kafin ya bi da mutane.

Da dare, bayan an ci tsire a bakin babban titin Nima an sha burkina, haɗin gero da nono mai sanyi, akwai aiki ɗaya da ya rage. Zai sa baƙo ya maimaita masa hanyar gobe: motar da zai hau, ishararta, kuɗinta, inda zai sauka, da sunan mahaɗar da zai faɗa idan zai dawo. Ya rubuta masa lambar maigida a takarda, ko da waya ta mutu. Idan baƙo ya kawo komai daidai, sai ya ce, "To Alhaji, gobe ba sai da ni ba." A wurin masu wannan sana'a, baƙon da ke neman jagora a rana ta biyu shaida ce cewa ba a gama aikin ranar farko ba.